Tayar da Ba Ta Rufu Ba

Sunan da yara suka laƙaba mata ya bi ta har jami'a: Malama Kawo-nan. Ta yi sama da shekara ashirin tana koyar da zane a wata sakandare da ke bayan tashar mota, kuma duk wanda ya taɓa zama a ajinta ya san yadda abin yake. Za ta tsaya a bayanka ta leƙa takardarka, ta ja ɗan tsaki, ta ce, "Kawo nan." Kafin ka ankara fensir ya bar hannunka. Layi biyu za ta ja, kunnen akuyar da ka yi kamar buhu ya koma kunne, ta miƙo maka abinka ta wuce. Yaran ba sa jin haushi, tunda maki ake ba su a kai. Iyaye kuwa har godiya suke zuwa yi.

Hannu gare ta, wannan kam babu mai ja. A tsaye take zana da'ira a allo, ba komai a hannunta sai alli, kuma allin ya dawo daidai inda ya tashi. Kilina, abin goge fensir, ba ta rabuwa da jakarta. Idan ta shiga gidan mutane ta ga hoto ya karkace a bango, sai ta gyara shi kafin ta amsa gaisuwa. Mijinta, wanda gyaran firji ne sana'arsa, yakan ce ya gode wa Allah da ba da fensir aka zana shi ba, da tuni an rage masa hanci.

Karatun nan ma ba da niyya ta faɗa cikinsa ba. Wata shekara aka buɗe aji na yara masu buƙata ta musamman a makarantarsu, malamai kowa ya noƙe, aka tura mata su saboda wai zane ba ya buƙatar surutu. A nan ta ga yarinyar da ba ta kallon kowa ta zauna da fenti har aka kaɗa ƙararrawa ba ta sani ba. Abin ya tsaya mata a rai. Ta yi digiri na biyu a fannin ilimi tana aiki tana karatu, daga nan ta ji labarin wani digiri na uku da ya haɗa zane da koyarwa da jinyar marasa lafiya. Ta haura hamsin a lokacin. 'Yan'uwa suka ce me ake nema kuma, ga fansho ya kusa. 'Yarta, wadda ke aiki a ɗakin gwajin jini, ba ta ce uffan ba. Mijin ne kawai ya ce ta je, shi ma yana so a riƙa ce masa mijin Dakta ko kwastomomi sa daina raina shi.

Karatun littafi bai ba ta wuya ba. Takan riga kowa zuwa, ta zauna a gaba, 'yan ajinsu da ta kusa haifa suna ce mata Mama suna aron bayananta. Wuyar ta zo ne da aka kai su asibiti, sashen da ake farfaɗo da waɗanda jinya ta taɓa wa jiki. Akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda, kusa da inda ake gashin ƙashi. Teburi ne mai faɗi a tsakiya, mai tsayin da keken marasa lafiya zai shiga ƙarƙashinsa, sai akwatin gawayin zane, da yumɓu a cikin bokiti an rufe da jiƙaƙƙen tsumma, da famfo a lungu da ba ya daina ɗiga. Bango ɗaya gilashi ne. Daga ciki fuskarka kawai kake gani, amma daga bayansa ana ganin komai, kuma a can Farfesar da ke duba ɗaliban ke zama.

Farfesar nan 'yar ƙaramar mace ce mai sanyin murya, Malama ta girme ta nesa ba kusa ba. Abin da ya fi ba Malama takaici shi ne ko kyanwa matar ba ta iya zanawa ba. Ta taɓa gwadawa a allo, abin ya fito kamar tukunya mai gashin baki, Malama ta danne hannunta da ƙyar. Amma ita ce mai sa hannu a ce ɗalibi ya isa ya zauna da majinyaci, kuma ba wannan sa hannun, ba digiri.

"Malama," in ji Farfesa ranar farko, "a ajinki ke ce kika san yadda abu ya kamata ya fito. A ɗakin nan ba ki sani ba. Takardar da ke gabansa tasa ce, kada ki taɓa. Kada ma ki ce ta yi kyau."

"To in ce me?"

"Galibi ba komai. Ki zauna, ki gani."

Malama ta ce a ranta, wannan kuma shi ne digiri na uku? A zauna a zuba ido kamar mai gadin ƙofa? Ba a yi nisa ba ta karya dokar. Wata tsohuwa ta gina kofi da yumɓu, mariƙin ya langaɓe, Malama ta sa ɗan yatsa ta tayar da shi. Farfesa ba ta ɗaga murya ba. Ta kira ta bayan gilashin ta ce, "Wannan na farko ne. Idan kika sake, zan cire ki daga ɗakin. Ina faɗa miki ne tun yanzu don kada ki ce ban girmama ki ba."

Bayan haka aka ba ta wani majinyaci da ake ce wa Direba. Tirela ya tuƙa tun yana saurayi har furfura ta fito masa, sai hawan jini ya kayar da shi wata safiya yana ɗaure tamfol. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta ɗauke. Yana jin komai, yana gane komai, amma idan ya buɗe baki sai wani gurnani ya fito, shi kansa ya ji kunya ya rufe. Matarsa ce ke turo shi, wata doguwar mace mai sayar da kayan yara, wadda ta ɗauki maganarsa ta haɗa da tata. Tun daga baranda ake jin muryarta tana gaisawa da nas-nas, tana ba shi labarin abin da shi ma yana wurin aka yi.

Da farko ko kallon takardar ba ya yi. Malama ta zauna ta gani, kamar yadda aka ce, bakinta na ƙaiƙayi. Ran nan ya sa hannun hagu ya ɗauki gawayi, ya riƙe shi a dunƙule kamar giyar mota. Ya ja wani dogon abu mai kusurwa, ya ja ƙarami a gabansa. Ko ba a faɗa ba, mota ce. Da ya zo kan taya sai aiki ya tsaya. Hannun hagu bai san hanya ba. Zai fara da'irar daga sama, ya gangaro, ya zagayo, yana dab da haɗewa sai hannun ya kauce, ko ya shige ciki ko ya fice waje. Ya ture takardar ya jawo wata.

Daga nan ya bar motar gaba ɗaya ya koma taya kawai. Mako ya bi mako, takardu suka taru, kowace da taya buɗe. Gumi ke karyo masa a goshi. Likitan gashin ƙashi ya ce motsin na taimakon hannun, matar kuma ta ɗauki abin ta mayar da shi ma'auni. Kullum idan ta zo ɗaukarsa tambayarta ɗaya ce: "Malama, yau ta rufu?" Idan aka ce ba ta rufu ba, sai ta dafa kafaɗarsa ta ce, "Baban yara, ranar da ta rufu, ranar ka warke."

Wata Talata giɓin ya ragu har bai fi ƙwayar shinkafa ba. Direba ya daɗe yana kallonsa, ya kasa ƙarasawa. Lokaci ya cika, nas ta zo ta tura shi ɗakin gashi. Farfesa ta riga ta tashi daga bayan gilashi, tana da taro. Malama ta fara tattara takardu. Wallahi ba ta yi shawara da zuciyarta ba. Gawayin na kan teburi, giɓin na kallonta, ta ji tsakin nan nata ya fito, hannu ya yi abin da ya saba. Ɗan layi ne da bai kai farce ba, kuma ya zauna cif.

Ba ta ajiye gawayin da kyau ba matar ta shigo neman hularsa. Idonta ya sauka a kan takardar. Ta dafe ƙirji ta yi salati, ta ɗauki takardar da hannu biyu. "Ta rufu! Malama, ta rufu!" Ta zaro waya ta ɗauki hoto, nan take ta tura wa 'ya'yansu. Ta fita baranda tana nuna wa nas-nas, har mai shara sai da ya gani. Malama na tsaye, kalma ɗaya ce ake buƙata daga bakinta, ta kasa. Matar nan ta daɗe ba ta yi dariya irin wannan ba, wa zai tare ta?

Aka turo Direba. Matar ta durƙusa a gaban keken ta buɗe masa takardar. "Baban yara, ka gani? Ashe ɓoye mini ka yi!" Ya kalli tayar. Mutumin da ya yi makonni yana fama da wannan giɓin ya san inda hannunsa ya tsaya. Ya ɗago ya kalli Malama, ya girgiza kai, gurnanin nan ya fito. Matar ta ce, "Ji shi, wai kunya yake ji." Ya sake girgiza kai da ƙarfi, ta sake dariya tana shafa masa hannu. Sai ya miƙa hannun hagu ya share akwatin gawayin daga kan teburi, ya watse a ƙasa. Matar ta ba Malama haƙuri, ta ce murna ce ta yi masa yawa.

Talatar da ta biyo bai zo ba, ta gaba ma haka. Matar ta kira ta ce ta rasa gane kansa, gashin ƙashi yana zuwa, amma da ta juya keken wajen ɗakin zane sai ya sa ƙafar hagu ya toƙare ƙasa.

Babu wanda ya gani, kuma wanda ya sani ba shi da bakin faɗa. Malama ta yi ta gaya wa kanta cewa ai saura ƙiris ne, da ma zai rufe ta. Ranar Asabar da la'asar 'yarta ta zo gida, suna falo suna ninke wanki, mijin na tsakar gida ya kwance bayan wani firji. Malama ta ba ta labarin, amma ta ba da shi ne irin na mai neman a ce ba komai.

"Ɗan layi ne fa. Ko ke kika gani ba za ki ce an taɓa ba."

'Yar ta ajiye rigar da ke hannunta. Ta nuna bango, inda wani zane ke rataye cikin firam tun 'yar tana firamare: gida da bishiya da tsuntsaye, wanda ya ci gasar makarantu.

"Mama, tashi ki nuna min layi ɗaya nawa a cikin wancan."

"Wace irin magana ce wannan? Ke kika zana abinki."

"Na zana gida mai ƙofa a sama, don ina so tsuntsaye su riƙa shiga. Kika ce kawo nan. Aka kira sunana a gaban makaranta, aka tafa min, na karɓi kyautar ina jin kamar na yi sata. Ba ki taɓa tambaya me ya sa ban ƙara zane ba daga ranar."

"Ai cewa kika yi lissafi kika fi so."

"Lissafi ne ba ki iya ba, Mama."

Ba da faɗa ta yi maganar ba, ta ma ci gaba da ninke kayanta. Malama ta kalli zanen. Bishiyar tata ce, haka take yin ganye har gobe. Tsuntsayen nata ne. Ta nemi inda ƙofar saman take, ta tarar kilina ta cinye ta tas. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji a gaban ɗan da ta haifa ba. Daga tsakar gida mijin ya ɗaga murya yana tambaya ko wani ya ga ƙaramin sukundirebansa.

Ranar Litinin ta je ofishin Farfesa ta faɗi abin da ta yi, ba ragi. Ta riga ta sa a ranta cewa karatu ya ƙare, har ta fara tunanin abin da za ta ce wa 'yan'uwan da suka ce me ake nema. Farfesa ta cire tabarau ta murza ido.

"Na ce zan cire ki, kuma da hujjata. Amma ba ni kika yi wa ba. Mutumin nan an ƙwace masa magana, abu ɗaya ya rage da yake faɗa da kansa, kika sa baki a ciki. Ki je ki gaya wa matarsa a gabansa. Idan ya yarda ya dawo ɗakin, kin ci gaba. Idan bai dawo ba, Malama, ni ba zan sa hannu ba."

Ta same su a benci a ƙofar ɗakin gashi suna jiran layi. Ta gaishe su, ta durƙusa daidai keken, abin da gwiwoyinta ba su so ba. Ta ce, "Maman yara, tayar nan ba Malam ne ya rufe ta ba. Ni ce na ƙarasa bayan ya fita. Ya yi ta gaya miki, ni kuma na yi shiru. Malam, ka yafe mini."

Karo na farko da aka ga bakin matar ya mutu. Da ya dawo kuwa, ya dawo da zafi. "Haba Malama! Haba! Har yayansa na kira. Hoton nan shi ne a fuskar wayata, shi nake kallo idan na gaji. Yanzu in koma in ce musu me?" Ta juya ga mijin, muryarta ta karye. "Ashe abin da kake ta faɗa mini ke nan, ni kuma ina ta surutu." Direba bai kalli kowa ba. Aka kira sunansa, nas ta tura shi ciki.

Talata ta zo. Malama ta share teburin, ta jera takardu, ta zuba sabon gawayi a akwati. Ta san Farfesa na bayan gilashi. Lokacin ya yi har ya gota, babu abin da ake ji sai ɗigar famfo. Ta fara mayar da takardun cikin jaka sai ta ji ƙarar keke a baranda, ba surutu tare da shi. Matar ta turo shi har bakin teburi, ta fita.

Ya jawo takarda. Ya fara daga sama, ya gangaro, ya zagayo, hannun ya kauce. Giɓin yau ya fi faɗin yatsa biyu, hutun ya mayar da shi baya. Ya kalli abin, ya tura takardar gabanta, ya miƙo mata gawayin.

Ko gatse yake mata, ko gwada ta yake, ko kuwa ya gaji ne da gaske yana so a ƙarasa masa, Malama ba ta sani ba, kuma har yau ba ta sani ba. Abin da ta sani shi ne yatsunta sun riga sun motsa. Ta ɗaga cinyoyinta ta cusa hannayen a ƙarƙashi, ta zauna a kansu, mace mai shekara hamsin da ɗoriya.

"Malam, taka ce," ta ce. "Ta rufu ko kada ta rufu, ina nan zaune."

Bai sauke hannun ba. Ya riƙe gawayin a gabanta har hannun ya gaji, ita kuma gumi na bin bayanta. Can ya yi wani sauti ta hanci, mai kama da dariya, ya janye takardarsa ya juya ta, ya sake farawa a ɗaya gefen.

Tayar ba ta taɓa rufuwa yadda Malama za ta ba ta maki ba. Daga baya ya daina damuwa da ita, ya koma zana hanya, da gada, da wani dutse da yake yawan maimaitawa, wanda matar ta ce a nan motarsa ta taɓa kwana da shi. Farfesa ta sa hannu ba tare da ta ƙara tayar da maganar ba. Ranar da aka sallame shi daga sashen, ya zaro takardar nan mai giɓin yatsa biyu daga cikin tarin ya ba Malama, matar ta ce kyauta ce, ta karɓa.

Yanzu ana ce mata Dakta, mijin ya samu abin da yake so, ko da yake ya ce kwastomomi ba su fasa raina shi ba. Tana aiki a ɗakin nan mai famfo, kuma ɗaliban da ake turo mata suna mamakin yadda take zama a kan hannayenta. Ta sauke zanen gida da bishiya ta sa a durowa, ta rataye tayar a wurinsa.

Da 'yarta ta zo ta gani, ta daɗe a tsaye a gaban bangon.

"Mama, wannan ba ta rufu ba."

"Na gani."

"Kuma kika bar ta?"

"Ba tawa ba ce."

'Yar ta zauna. Suka yi hirar aiki, da ta ciwon bayan babanta. Har ta ɗauki jaka za ta tafi sai ta mayar ta ajiye, ta ce, ba tare da ta kalli uwar ba, "Akwai ragowar takarda a gidan nan?"

Malama ta kawo mata takarda da fensir ta ajiye a kan teburi. Sannan ta ɗauki jakarta mai kilina a ciki, ta shiga kicin ta rufe ƙofa, don ta san halin hannunta.